Garmaho Don Faifan Baffa

Ɗan Iya, Bauchi
7 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga yayana Hammajoda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Fati da yara. Yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan zafi ne ya sa mu gaba, ko fanka iskar wuta take hurowa. Hajja lafiyarta lau, ta fita takaba ranar Talata, sai dai ciwon ƙafar nan da ka sani.

Na san za ka ce me ya kai Juwairiyya rubuta wasiƙa alhali ga waya. To ai ka san mahaifiyarka. Ido ya yi rauni, amma kunne ras yake, ko a bayan gida na amsa waya sai ta tambayi wa ya kira da me ya ce. Wannan magana kuwa ba na so ta ji tukuna, shi ya sa na haɗa takardar da man shanunka na ba direba.

Jiya na buɗe akwatin ƙarfen Baffa don a fitar da tufafinsa a yi sadaka. Can ƙasa, naɗe cikin wani tsohon rawani, sai ga faifan garmaho. Ɗan ƙarami ne baƙi, takardar tsakiyarsa ja ce ta koɗe, amma ana iya karantawa: Jalo Mai Molo, Jos, 1976. Hamma, wai Baffanmu! Na san ya yi waƙa da ƙuruciya kafin ya koma dillancin shanu, amma ni a sanina duk ya farfasa kayan kiɗansa shekarar da ya dawo daga Makka. Ashe tsohon nan ya ɓoye guda ɗaya bai gaya wa kowa ba. Wallahi zama na yi daɓas a ƙasa ina kuka ina dariya.

Ina so in ji muryarsa. Wata biyar ke nan ban ji gyaran muryarsa a zaure ba, gidan ya yi mini shiru da yawa. Na ga wani garmaho a wani shago wajen Wunti, shuɗi mai kyau, ana rufe shi kamar jakar tafiya, da sifikarsa a jiki, har da waya ana haɗa shi. Mai shagon ya ce sai dai in jona kawai in sha kiɗa. Na so in ɗauko a take, sai na ce bari in tambayi injiniyan gidanmu, kada ka zo ka ɗaga mini hanci ka ce na sayi tarkace. Ka amsa da wuri, ka san ni ba haƙuri ne da ni ba.

Ka gaida Anti Fati, ka ce tana da laifi wurina.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

*

Fatakwal
13 ga Afrilu, 2025

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na sami takardarki da man shanu, na gode, Allah Ya yi albarka. Muna lafiya. Ki gaishe da Hajja, ki yi mata barka da fita.

Kada ki sayi shuɗin nan. Na ja layi ƙarƙashin maganar don na san halinki. Irin waɗannan na jaka hannunsu mai riƙe allura ba shi da ƙarfen daidaita nauyi a baya, saboda haka allurar danne faifai take yi, tana karantawa tana ci. Sabon faifai zai jure. Wanda ya kusa shekara hamsin, kuma ba shi da na biyu a duniya, ba zai jure ba. Abin da za a nema shi ne mai nauyin jiki, wanda ake iya sassauta hannunsa, ake kuma iya canja masa allura, yana juyi arba'in da biyar a minti, don ƙananan faifai da wannan gudun aka yi su. Kafin nan ki ajiye shi a tsaye, nesa da taga. Kada ki wanke shi da sabulu, kada ki goge shi da bakin zane. A bayan Ƙofar Wambai akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, Godfrey, shi ke yi wa Baffa gyara tun ina yaro. In yana raye, ki kai masa.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Fati. A takarda ya fi mini sauƙi.

Ke auta ce, ba ki san zaman ɗan fari a gidan Fulani ba. Kin dai san al'adar: uwa da uba ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa nuna sun damu da shi, wai kunya. Ana yaye ni aka kai ni Miri wurin Inna, mahaifiyar Baffa. Kowace Juma'a yana zuwa gaishe ta a kan babur. Sai in yi wanka tun safe in zauna bakin ƙofa. Ya zo ya wuce ni, ya gaida Inna, ya tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, in zai tafi ya ce, “Yaron nan yana karatu dai ko?” Shi ke nan. Ku kuwa da Sallah ina ji yana ƙwala muku kira, Mansir, Ummi, daga baya ke. Ni har ya rasu “yaron Miri” nake, ina da furfura a gemu.

Wata Juma'a, ina da shekara tara, bayan ya tafi na yi kuka har na ƙi cin abinci. Inna ta ce mini, “Yi shiru, ubanka ya taɓa kiran sunanka. A Jos ya kira, inda babu dangi, a cikin faifai, duk garin kowa ya ji.” Na ɗauka rarrashi ne irin na kaka. Da na girma na bincika a Jos da Kaduna, babu mai kwafinsa. Na haƙura.

Shekarata arba'in da tara, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Ban riƙe shi da komai ba, Allah Ya sani, al'ada ya tarar. Amma ina so in ji, ko sau ɗaya. Don haka ki bi faifan nan a hankali.

Wassalam,
Hammajoda

*

Ɗan Iya, Bauchi
22 ga Afrilu, 2025

Hamma,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, Hajja na amsawa.

Haba Hamma! Shekara da shekaru kana ɗauke da wannan abu, mu muna ta ce maka miskili? Na karanta takardarka a ofishin malamai, sai da na fita bayan aji don kada yara su ga malamarsu tana sharɓar kuka. Ka yafe mini duk tsiyar da na yi maka.

Kuma Allah ne Ya sa takardarka ta zo ranar da ta zo. Na lura gefen faifan ya ɗan lanƙwashe, har na yi niyyar in shanya shi a rana in ɗora masa turmi ya miƙe. Kada ka yi faɗa, ban yi ba.

Baba Godfrey yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, shagon ya cika da matattun rediyo har rufi. Da na kwance rawanin ya karanta sunan, sai ya cire tabarau ya ce, “Jalo! Mutumin da ke kawo mini garmaho mai batir, ya ce in gyara kada in gaya wa kowa.” Ka ji kuma wata sabuwa. Na tambaye shi ina garmahon, ya ce ya mutu murus tun zamanin soja, shi da kansa ya ce wa Baffa ya daina wahala.

Na ba shi labarin shuɗin Wunti, ya kama baki. “Malama, wannan ba allura ba ne, garma ne. Noma zai yi miki a faifai.” Ya nuna mini guda biyu. Ɗaya sabo ne fil, ɗansa ya kawo daga Legas, siriri, ana iya jona shi da kwamfuta a kwashe waƙar. Ni shi ya kwanta mini. Ɗayan tsoho ne na Japan mai jikin katako, nauyi kamar buhun gero, robar da ke juya shi ta saki sai an canja. Amma ya sa ni na taɓa hannunsa, na hura masa iska kawai ya motsa. Ya ce sabon yana da kyau, sai dai allurarsa a manne take, abin da kamfani ya sa shi za ka ci. Tsohon kuwa kowace allura ka kawo zai karɓa.

Ga inda maganar take. Ya duba faifan da madubin ƙara girma a bakin ƙofa, ya daɗe, sannan ya kira ni. Ko'ina baƙi ne mai sheƙi, amma wajen tsakiya akwai wani zobe siriri da ya yi fari-fari. Ya ce nan allura ta ci fiye da ko'ina, bai san dalili ba. Na ce to za a ji abin da ke wurin? Ya ce allura mai ƙaton baki ba za ta ji komai ba, amma akwai wata mai siririn baki da ke nutsewa ƙasan inda aka cinye, wani lokaci takan tono abin da ya rage. Ya ce wani lokaci fa, bai yi mini alkawari ba. A Bauchi babu ita.

Ban ɓoye maka ba don ka ce in bi a hankali. Wataƙila ma ba nan sunan yake ba, faifai ai da faɗi.

Hajja ta gano. Ta shafa rawanin a ɗakina ta ce, “Wa ya ce ki taɓa wannan?” Na ce so nake in ji Baffa. Ta juya fuska bango, ta ce a ƙara mata ruwa a buta. Ba ta hana ba dai.

Wanne za a ɗauka? Kuma don Allah ka zo a kunna da kai. Rabonka da gida tun sadakar bakwai.

Taka,
Juwairiyya

*

Fatakwal
2 ga Mayu, 2025

Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya jikin Hajja.

A ɗauki tsohon. Sabon don mai faifai ɗari aka yi shi, mu guda ɗaya gare mu. Allurar tana cikin kwalin ashana da ke cikin ambulan ɗin nan, na naɗe ta da auduga. Sai da na zaga shaguna huɗu kafin wani ya samo mini. Kada ki buɗe, Godfrey ne zai ɗaura ta, shi zai auna nauyin hannun. Ki roƙe shi ya zo gida ya kafa da kansa, a kan tebur da ba ya rawa, a kuma bi ta na'urar daidaita wuta, kin san halin wutarmu. Ki ajiye wayarki kusa da sifika tana ɗauka tun daga farko, ko da ba zai sake karantuwa ba.

Batun zuwa. Na rubuta takardar neman hutu, tana cikin aljihuna kwana shida ban miƙa ba. Gaskiya tsoro nake ji. Idan na zauna gaban Hajja da ke aka kunna, ya zamana Inna rarrashina kawai ta yi, ban san inda zan sa fuskata ba. Idan kuma yana ciki, nan ma ban sani ba. Tun da takardarki ta zo nake kwatanta yadda zai faɗe shi, ko zai ja ƙarshen kamar yadda yake jan naki, ko zai datse shi kamar yana kiran ɗan tallan goro. Ina cikin aiki sai in tsinci kaina ina faɗin sunana a hankali. Wani abokin aikina har ya tambaye ni ko lafiya.

Ki fara ji ke. Ki rubuto mini abin da kika ji daidai, kada ki ƙara, kada ki rage don tausayi. Kada ki kira, ba zan iya a waya ba.

Yayanki,
Hammajoda

*

Ɗan Iya, Bauchi
11 ga Mayu, 2025

Hamma,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka ce kada in ƙara kada in rage, to ga shi.

Jiya Asabar da hantsi Baba Godfrey ya zo a keke mai ƙafa uku, rungume da garmahon a cinya, bai yarda an sa shi a baya ba. Ya kafa a falo, ya ɗaura allurarka, ya auna, ya sake aunawa, har na ƙosa. Hajja ta ce ita ba ruwanta, amma ta sa aka shimfiɗa mata darduma a bakin ƙofar falo, wai nan iska ta fi.

Da allurar ta sauka sai ƙas-ƙas, sai molo. Sannan murya. Hamma, yaro ne! Muryar siririya, mai zaƙi, da dariya a cikinta, ban taɓa sanin Baffa da ita ba. Amma da ya ja numfashi kafin baiti na biyu, wallahi shi ne, jan numfashin nan nasa na kafin ya yi faɗa. Na toshe bakina da mayafi. Waƙar ta matafiyi ce, yana yabon shanun gidansu, yana cewa sanyin Jos ya ishe shi. Can sai ya sassauta kiɗan ya ce:

Ku sallame ni mutanen Jos,
An yi mini haihuwa a gida,
Namiji ne, ku ji sunansa,

Daga nan sai shuuu. Allura ta shiga farin zoben nan. Ana jin alamar mutum yana magana can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, amma ko harafi ɗaya ba ya fita. Na ƙirga, daƙiƙa bakwai ne. Sai molo ya dawo garau, ya ci gaba da zancen hanya.

Baba Godfrey ya ƙara nauyi kaɗan ya sake, ya rage ya sake. A na uku ya ɗaga hannun ya ce, “Malama, ya isa. Babu abin da ya rage a wurin, in na ƙara zan ɓata na kusa da shi.” Ya ce allurarka ba ta da laifi, ko wace aka kawo haka za a ji.

Inna ba ta yi maka ƙarya ba, ya faɗa. Amma ba ya jiyuwa. Ka yi haƙuri, Hamma, na so in aiko maka da abin da ya fi wannan.

Ina ta faɗa ni kaɗai, ina cewa wane mugu ne ya rasa inda zai lalata sai nan. Sai Hajja ta ce, “Ke, rufe mana baki. Ɗauko takarda.” Abin da ta ce in rubuta yana cikin ambulan ɗin nan. Ban gyara mata ko kalma ba, ta sa na karanta mata sau biyu.

Juwairiyya

*

Daga Hajja

A gaida na Fatakwal, da iyalinsa. A ce ina sa albarka.

A gaya masa babu mugun da ya taɓa faifan nan. Mai shi ne ya cinye shi.

Ranar da ya dawo daga Jos da shi, surukina ya ji abin da ya faɗa a ciki, ya ce ya zubar mana da kunya a gaban duniya. Sai shi maigidana ya bi 'yan kwafin da suka shigo Bauchi ya karɓe ya fasa, ya ce duka ne. Ni na san saura ɗaya.

Duk Juma'ar da ya je Miri ya dawo, ba ya cin abinci sai ya shiga ɗaki ya saka sakata. Ina daka a tsakar gida, ina ji. Ba ya kunna waƙar daga farko. Wurin nan kaɗai yake ɗora allura, in ya wuce ya ɗaga ya mayar, ya ɗaga ya mayar. Wata rana sau goma, wata rana na gaji da ƙirga. Ni kuma sai in sassauta taɓarya don in ji, don ni ma ba ni da inda zan ji. Shekara goma sha ɗaya muna haka, bai san ina ji ba, ko ya sani bai nuna ba. Tun ana ji sosai, ya koma sama-sama, har ya zama iska. Da ya zama iskar ma bai daina ba, sai da na'urar ta mutu.

In ya fito yakan ce mini, “Yaron nan ya ƙara tsawo.” Ni kuma in ce, “Wane yaro?” Haka aka koya mana.

A ce masa abin da ya nema a faifai ba zai samu ba, mu muka rigaye shi. Ya yafe mana. In yana da hali ya zo, ƙafata ba ta kai ni Fatakwal.

*

Fatakwal
16 ga Mayu, 2025

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Na karanta duka biyun. Ta Hajja ban san sau nawa ba.

Na miƙa takardar hutu, an sa hannu. Ina tafe ranar Alhamis in Allah Ya yarda, ni kaɗai. Ki yi wa Baba Godfrey godiya, ki ce kada ya sake neman wata allura, wannan ta yi. Kada kuma ki turo mini abin da kika ɗauka a waya.

Ki ce wa Hajja yaron Miri yana gaishe ta, kuma babu abin yafewa. In na iso a shimfiɗa mata darduma a cikin falo, kusa da ni. Ba sai an kunna daga farko ba. Daƙiƙa bakwai ɗin nan nake so in ji.

Sai na zo,
Hammajoda